Zango Ɗaya a Alƙahira: Makonnin Farko na Ɗalibin Larabci

 

Yau maganarmu a kan ɗalibin harshe take. Wanda ya yi shekara biyu ko uku yana karatun Larabci a gida, yanzu kuma an ce ya haɗa kaya, zai je Masar ya yi zango ɗaya. Zango ɗaya, wato abin da 'yan jami'a ke kira simesta, wajen wata huɗu ke nan. Na ɗauki Alƙahira ne misali, domin tana cikin biranen da ɗalibanmu na Larabci suka fi nufa. Amma wanda zai je Kwatano ko Lome koyon Faransanci, shi ma ya kasa kunne, akwai rabonsa a ciki. Iyaye da ke gida, ku ma kada ku tashi, ina da magana da ku can gaba.

Kafin mu shiga, ga abu guda da nake so ya zauna a zuciyar kowa. Zama a ƙasar Larabawa kaɗai ba ya sa mutum ya iya Larabci. Akwai waɗanda suka yi shekaru a can, suka dawo ba sa iya tsayawa su yi hira ta minti biyar. Wanda ya buɗe baki shi ne ke koyo. Ku riƙe wannan, za mu yi ta komowa kansa.

Bari mu fara da ɗan tarihi, don ɗalibi ya san sawun wa yake takawa.

Wannan hanya tsohuwa ce. Tun wajen shekara ta 1240 da 'yan kai, alhazan ƙasar Kanem suka ba da dukiya aka gina makaranta a Alƙahira, ana kiranta makarantar Ibn Rashiƙ, nan mutanensu ke sauka. Masanin tarihin nan na Masar, Maƙrizi, ya ambace ta. Masallacin Azhar, wanda aka fara salla a cikinsa a shekara ta 972, yana da ruwaƙai, wato sassan da a da ɗalibai baƙi suke kwana suna karatu, har da na mutanen Barno. Sannan ga Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, masanin lissafi da taurari. Bayan ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin wani shahararren marubucin tarihi. Waɗannan bayin Allah sun yi watanni a hanya, wani lokaci shekaru, kuma da suka isa suna da sauran rayuwa a gabansu ta yin karatu. Kai jirgi zai sauke ka cikin 'yan sa'o'i, amma abin da ke hannunka wata huɗu ne kacal. Wata huɗu, ba ƙari.

To, sai mu zo kan takardu. Nan ba zan daɗe ba, amma kada a raina shi.

Duba fasfonka tun a gida. Ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare aiki. Katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, ya kasance a jakar hannu, domin ana tambayarsa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Takardar karɓa daga makarantar da za ka je, ka yi mata kwafi, ka kuma ɗauki hotonta a waya. In jami'arka ce ta tura ka, ka zauna da shugaban sashe kafin ka tafi, a rubuta a takarda cewa makin da za ka samo za a lissafa maka shi. A rubuce nake cewa, ba da baki ba.

Da ka sauka, abu biyu ne na makon farko. Na ɗaya, iƙama, wato izinin zama. Bizar da ka shigo da ita tana da wa'adi, in ya wuce akwai tara. Tambayi ofishin ɗalibai baƙi na makarantarka yadda ake yi, ka fara da wuri, domin layin yana da tsawo. Kada ka miƙa wa ɗan kamasho fasfonka ya tafi da shi. Na biyu, ka je ofishin jakadancin ƙasarku ka rubuta sunanka. Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne. To, mu tuna watan Afrilu na 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Ɗalibanmu da yawa sai a motoci aka kwaso su zuwa kan iyakar Masar, daga nan aka ɗauko su a jirgi. A irin wannan rana, wanda aka san da zamansa shi ake fara nema. Allah Ya kiyaye, amma a rubuta suna.

Yanzu kuma ga babban kashi na shirin, wato abin da kunnenka zai ji ran da ka fita titi.

Ka yi Ajurumiyya. Wataƙila ka haddace wani abu na Alfiyya, duka biyun littattafan nahawu ne. Kana iya li'irabin jimla tun daga farkonta har ƙarshenta. Ka fito da safe, ka tsaya a bakin titi a Madinatu Nasr, unguwar da ɗaliban Afirka da yawa ke zaune. Ƙaramar bas fara ta tsaya, ka shiga. Ba kwandasta. Na bayanka ya taɓa kafaɗarka, ya saka maka kuɗi a hannu, ya faɗi wata magana da sauri. Ba ka kama ko kalma ɗaya ba. Abin da yake nufi shi ne ka miƙa gaba, domin a motocin nan kuɗin mota hannu da hannu yake bi har ya kai ga direba, canji ma haka yake dawowa. Can sai wata mata ta ɗaga murya ta ce, "Ala gamb, ya usɗa." Mota ta gangara gefe, ta sauka. Kai kuwa kana zaune, an wuce da kai inda za ka sauka, domin jimlar da kake shiryawa a ka ba ta gama haɗuwa ba.

A wannan lokaci zuciya takan ce wa ɗalibi, ashe duk karatun da na yi a banza ne. A'a, ba a banza ba ne. Saurara in gaya maka abin da ya faru.

Larabcin da ka koya shi ake kira fusha, wato daidaitaccen Larabci, na littafi da huɗuba da labarun rediyo. Wanda ka ji a mota kuma shi ne ammiyya, wato karin harshen da mutane ke magana da shi a gida da kasuwa. Kowace ƙasar Larabawa da irin tata ammiyyar. Ba wanda ke sayen tumatir da fusha. Amma bambancin yana da ƙa'ida, in ka gane ta rabin wahalar ta tafi. A bakin mutanen Alƙahira, harafin jimun yakan koma "ga". Jami'a sai ka ji gam'a. Harafin ƙaf yakan faɗi, ya bar ɗan tsaiko a maƙogwaro, ƙahwa ta koma ahwa. Sannan akwai 'yan kalmomin da ake maimaitawa dare da rana. Aiwa, wato i. Fen, ina. Bikam, nawa ne. Ayiz, ina so. Dilwa'ti, yanzu. Mafish, babu. Gurasa kuwa, wadda littafi ya ce maka khubz, a can esh ake ce mata. In ka riƙe irin waɗannan guda hamsin a makon farko, titi zai fara buɗe maka.

Na san akwai malaman da ke gargaɗin ɗalibai su guji ammiyya gaba ɗaya, don kada ta gurɓata musu fusha. Ina ganin girman wannan damuwa, kuma akwai gaskiya a cikinta, domin an ga waɗanda suka dawo da harshen tasha, rubutunsu kuwa ya lalace. Amma ni ra'ayina, wanda ya toshe kunnensa daga ammiyya ya toshe shi daga mutane. Ba zai yi aboki ba. Ba zai gane maƙwabcinsa ba. Ko a aji, malami yakan karanta matani da fusha, in ya zo bayani ya zame cikin ammiyya ba tare da ya lura ba. Saboda haka ka koye ta daidai yadda za ka gane mutane, ka biya buƙatarka. Sai dai ka raba musu wuri. Ɗan ƙaramin littafi a aljihu na kalmomin titi, babban littafi a jaka na aji. In za ka rubuta, fusha. In za ka yi wa malami tambaya, fusha. In za ka sayi wake da gurasa, yi irin ta mutanen gari.

Ina kuma za a ji fusha mai kyau? Ga ta nan ko'ina, in an neme ta. A masallacin Azhar ana zaman karatu, malami a kan kujera, ɗalibai kewaye da shi, ba a biyan ko sisi. Akwai huɗubar Juma'a. Akwai gidan rediyon Alƙur'ani na Alƙahira, wanda ke aiki tun 1964. A bayan masallacin akwai lungunan masu sayar da littattafai, inda za ka tsaya ka yi tambaya da fusha a amsa maka da ita. In kuma zangonka ya haɗa da ƙarshen Janairu, ka yi sa'a, lokacin ne ake baje kolin littattafai na duniya na Alƙahira, wanda aka fara tun 1969. Ka je, ko da ba za ka sayi komai ba.

Bahaushe yana da wani jari da ɗan Koriya ko ɗan Ingila da ke zaune kusa da shi a aji ba shi da shi. Sunayen ranakunmu daga Larabci suke. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, duk ka zo da su daga gida. Kunnenka kuma ya saba da Alƙur'ani tun kana ƙarami. Sai dai wannan sabo yana da nasa tarko. Mun saba furta wasu haruffa ta hanyarmu. Haruffa uku ko huɗu duk mukan mai da su "za". Wanda muke furtawa "la" a cikin Ramalan da alwala, a bakin Balarabe wani harafi ne dabam. In malama ta tsai da kai ta ce sake faɗi, kada ranka ya ɓaci. Abin da ka biya kuɗin jirgi dominsa ke nan. Sake faɗi. In ta ce sake, ka sake.

Haka nan jarrabawar tantance mataki. Cibiyoyin koyar da Larabci ga baƙi sukan gwada sabon ɗalibi kafin su ba shi aji. Sau da yawa ɗalibinmu yakan yi fice a nahawu, ya yi rauni a magana, sai a sa shi ajin da yake ganin ya fi ƙarfinsa. Ɗana, kada ka je kana roƙo a ɗaga ka. Ajin da za ka riƙa magana kullum ya fi maka ajin da za ka zauna shiru kana gyaɗa kai. In da gaske ka fi ƙarfin ajin, malami zai gani da kansa cikin mako biyu.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ɗalibin da ya je ƙasar waje zango ɗaya don koyon harshe. Mun wuce takardu, mun wuce harshen titi. Yanzu ga wurin da akasarin ɗalibai ke yin asara, wato abokan zama.

Mu yi lissafi tare. Mako ɗaya sa'a 168 ne. A ce kana shiga aji sa'a 4 a rana, kwana 5 a mako. Sa'a 20 ke nan. Cire barci, a ce sa'a 56. Saura sa'a 92. To, tambayar ita ce, da wane harshe kake rayuwa a cikin waɗannan sa'o'i 92?

Ga yadda abin yakan kasance. Ka sauka, 'yan uwa sun tarbe ka a filin jirgi. Sun kai ka gidan da suke haya, su shida, duk 'yan gida. An tuƙa tuwo, an kaɗa miyar kukar da wani ya kawo. Wallahi abin da daɗi, kuma alheri ne. Su za su nuna maka inda ake sayen layin waya, inda ake canjin kuɗi, motar da za ka hau. Kada ka raina su, kada ka yanke zumunci. Amma ka lura. In da Hausa ka tashi, da Hausa ka ci abinci, da Hausa ka yi musun ƙwallo har tsakar dare, wayarka ma Hausa take yi maka, to jikinka ne kawai ya je Masar. Kamar wanda ya je bakin rijiya da tulu ne, ya zauna hira a gindin bishiya har rana ta faɗi, ya koma gida tulu ba ruwa.

Me za a yi? In da hali, ka nemi ɗaki da wanda ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci. A Azhar akwai ɗalibai daga Indunusiya, da Malesiya, da Senegal, da ƙasashe barkatai. Ɗan Indunusiya ba shi da hanyar ce maka kashe fitila sai da Larabci, kai ma haka. In kuwa dole da 'yan gida za ka zauna, ku yi yarjejeniya. Daga asuba zuwa la'asar, ba Hausa a gidan nan. Za a yi dariya kwana biyu, daga nan a saba.

Sannan ka kama mutum uku a unguwa. Mai shagon da ke ƙasan gidanku. Mai gadin gidan, wanda suke kira bawwab. Da wani dattijo a masallacin da kake salla. Kullum ka gaishe su, ka ƙara jimla ɗaya a kan ta jiya. Yau ka tambayi farashi. Gobe ka tambayi sunan abin da ba ka sani ba. Jibi ka tambaye shi garinsu. Mutanen Masar masu son hira ne da barkwanci, ba za ka sha wahalar jan su da magana ba. Za ka yi kuskure, za a yi maka dariya, wani ma ya kira abokinsa ya zo ya ji. Ka yi dariyar tare da su, ka tambayi daidai, ka rubuta. Wanda ya buɗe baki shi ne ke koyo.

Ke kuma 'yata, wannan duk ya shafe ki. Ki nemi ƙawaye a cikin ɗalibai mata na wasu ƙasashe, da maƙwabta mata. A jirgin ƙasa na cikin birni, wanda suke kira metro, akwai taragun da aka keɓe wa mata, ki riƙa shiga nan. In za ki wuri mai nisa ko da dare, ku tafi ku biyu ko uku.

Sai mu zo kan ranar da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba.

Makon farko komai sabo ne. Ana ɗaukar hoto a bakin Kogin Nilu, ana turawa gida. Amma akwai ranar da za ta zo, sau da yawa bayan 'yan makonni, da komai zai gundure ka. Hayaniyar birnin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan 20. Wake da safe, wake da dare. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas a kwano ɗaya, wanda da farko ya burge ka, yanzu ko ƙamshinsa ba ka so. In lokacin sanyi ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin yana shiga ƙashi, gidajen kuma ba abin ɗumama ɗaki, don haka ka tafi da rigar sanyi mai kauri da safa. Wata rana ma wani yaro a titi zai jefe ka da magana a kan launin fatarka. Yana faruwa, ba zan ɓoye maka ba, kuma yana da ciwo. Ba kowa ne haka ba, masu karamci sun fi yawa. Kada ka tsaya faɗa. In abin ya wuce magana, ka sanar da makaranta da shugabannin ƙungiyar ɗalibai.

A irin wannan rana, kai zai yi nauyi, har ka ji kamar Larabcin naka baya yake komawa. Gajiya ce, ba koma baya ba. Kunnen da ke aiki tun safe yana rarrabe sautin da bai saba ba dole ya gaji. Ka yi barci. Ka je wurin 'yan uwa ka ci tuwo, ranar ta tuwo ce. Amma washegari ka fita. Abin da nake jin tsoro shi ne ɗalibi ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya rungumi waya, kwana uku su zama mako uku. In ka ga baƙin cikin ya ƙi tafiya, ba ka barci, ba ka cin abinci, kada ka yi shiru. Gaya wa wani babba, ka ga likita. Ba abin kunya ba ne.

Yanzu ga maganata da iyaye, kamar yadda na yi alkawari.

Baba, Inna, na san kewa. Na san an sayar da wani abu, ko an ci bashi, kafin yaron nan ya hau jirgi. Amma kiran bidiyo sau biyar a rana ba taimako ba ne. Duk sa'ar da ya yi yana hira da ku, an cire ta ne daga cikin wata huɗun nan. Ku tsai da lokaci, a ce ranar Juma'a, tunda a can Juma'a da Asabar ne hutu, Lahadi ake komawa aji. Ku tuna agogonsu yana gaban namu da sa'a ɗaya, a watannin zafi kuma sa'a biyu. Kuɗi kuma ku riƙa aikawa wata-wata ta hanyar da aka sani, kada a danƙa masa duka a rana ɗaya. Kuma don Allah a rage saƙon sayayya. Wannan ta ce a sayo mata abaya, wancan ya ce turare. Ɗalibi kuka tura, ba ɗan kasuwa ba.

In ya kira, bayan an gaisa, kada tambayar ta tsaya a kan me ka ci. Ku ce masa, da wa ka yi magana yau? Wace sabuwar kalma ka koya? Ku sa shi ya faɗa muku, ko da ba ku jin Larabci. Yaron da ya san za a yi masa wannan tambaya ran Juma'a, zai nemi amsarta tun ran Lahadi.

Kai kuma ɗalibi, ga aikin da zan ba ka. A daren farko da ka sauka, ɗauki wayarka ka naɗi muryarka kana magana da Larabci na minti biyu. Faɗi sunanka, garinku, da abin da ka gani a hanya. Kada ka goge, duk yadda ya fito. Ka sake yin haka ƙarshen kowane wata, ka saurara, za ka ji inda ka matsa da inda ka tsaya. Da gari ya waye kuma, kada ka aiki kowa ya sayo maka gurasa. Sauka da kanka, ka gai da mai shago, ka tambaye shi nawa ne.

Lokaci ya cim mana. Wanda ke da ɗa ko ƙani da ke shirin tafiya, ya isar masa da wannan saƙo tun kafin ya ɗaure kaya. Allah Ya kai su lafiya, Ya ba su abin da suka je nema, Ya dawo mana da su lafiya. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.